Babbar Lamba Ba Dodo Ba Ce

Wanda ke da allo da alli ya jawo su kusa. Wanda ba shi da su kada ya damu. Ƙasa ma allo ce, tsinke kuma alƙalami ne.

Da yawa daga cikinmu sun iya lissafin kasuwa da ka, ba su kuskure ko na dala ɗaya. Amma da zarar an miƙo musu takarda mai doguwar lamba, sai gabansu ya faɗi, su nemi wanda zai karanta musu. A nan ne ake cutar mutum. Saboda haka yau za mu ɗauki lamba guda mai tsawo. Za mu karanta ta, mu yi mata tambayoyi, har mu san halinta, kamar yadda mai sayen rago ke buɗe bakinsa ya dubi haƙora kafin ya taya.

Ga lambar, ku rubuta ta: 267.249.

Ba ƙago ta muka yi ba. A watan Disamba na 2012 an yi ƙidayar jama'a ta huɗu a Nijar, bayan ta 1977 da ta 1988 da ta 2001. Wannan ƙidaya ta sami mutum 267.249 a birnin Maraɗi. Jihar Maraɗi baki ɗaya, har da Tsibiri da Jiratawa da Tasawa da sauran garuruwa, an sami mutum 3.402.094. Ƙasar Nijar duka kuwa, mutum 17.138.707. Daga lokacin zuwa yau jama'a ta ƙaru ƙwarai. Amma mu lambar muke so, don ita ce abin karatunmu.

Yadda ake karanta ta

Kun san da baƙaƙe ake rubuta kalma. To, da alƙaluma ake rubuta lamba. Alƙaluman guda goma ne rak: 0, 1, 2, 3, 4, 5, 6, 7, 8, 9. Babu lambar da ta fi ƙarfinsu, komai tsawonta. Daga ƙasar Indiya wannan hanya ta fito, Larabawa suka karɓa suka yaɗa ta. Kalmar sifiri ma daga Larabci muka samo ta.

Lambarmu tana da alƙaluma shida. A fara daga hannun dama, a kasa su uku-uku. Kowane kashi mu kira shi gida. Kowane gida yana da ɗaki uku: ɗakin ɗaya-ɗaya a dama, ɗakin goma-goma a tsakiya, ɗakin ɗari-ɗari a hagu. Gidan farko daga dama shi ne ƙaramin gida. Na biyu gidan dubu. Na uku gidan miliyan.

A lambarmu, gidan dubu yana ɗauke da 267, ƙaramin gida yana ɗauke da 249. Wanda ya iya karanta lamba mai alƙaluma uku ya gama aiki. Sai ya karanta gidan hagu ya ce dubu, sannan ya karanta na dama. Ga yadda za mu faɗa: dubu ɗari biyu da dubu sittin da bakwai, da ɗari biyu da arba'in da tara.

Kun ji mun faɗi dubu har sau biyu? Da dalili. In ka ce dubu ɗari biyu da sittin da bakwai kawai, wani zai rubuta 267.000, wani kuma ya rubuta 200.067. Tsakaninsu akwai rata babba. In maganar kuɗi ce, a maimaita kalmar dubu, don a raba gardama.

Ɗigon da ke tsakanin gida da gida katanga ce kawai. A takardun Nijar ɗigo ake sa wa, ko a bar ɗan fili. A Najeriya waƙafi suke sa wa, su rubuta 267,249. Mai fatauci zuwa Jibiya ko Katsina ya san da haka. Lambar ɗaya ce.

Ku lura da wani abu kuma. Alƙalamin 2 ya fito sau biyu a lambarmu. Na gidan dama ɗari biyu ne. Na gidan hagu dubu ɗari biyu ne. Ke nan darajar alƙalami tana ga ɗakin da ya zauna. Shi ya sa sifiri ba abin wasa ba ne. Wanda ya ci bashin 50.000, in aka ƙara masa sifiri ɗaya a takarda, bashin ya zama 500.000. Kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, ƙidaya alƙaluman. Ka kuma nemi a rubuta adadin da kalmomi kusa da lambar.

Ina iyakar girmanta?

A ce mutum ya zauna yana ƙidaya, ɗaya a kowace daƙiƙa guda ta bugun agogo, wato sakan, ba ci, ba barci. Kafin ya kai 267.249 sai ya yi awa 74 da ƴan mintoci, wato kwana uku da awa biyu. Miliyan ɗaya za ta ci masa kwana goma sha ɗaya da rabi. Mutanen Nijar na ƙidayar 2012 kuwa sai ya yi kwana 198, fiye da wata shida.

Kakanninmu sun san irin wannan wahala, zamanin kuɗin wuri. A watan Janairu na 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a Tasawa. Ya ba da labarin yadda aka ƙidaya wuri 500.000 a gabansa. Mutum biyar ko shida ne suka taru a kan aikin. Biyar-biyar suke jan wurin da yatsu, suna tara shi tsibi-tsibi, na ɗari biyu ko na dubu. Buhun kaba ɗaya wuri 20.000 yake ɗauka. Ke nan buhu 25 suka ƙidaya. Ku riƙe wannan lamba ta 20.000, za mu komo kanta.

Tambaya ta farko: cika ce ko mara?

Lambar da za a raba wa mutum biyu daidai, ba saura, ita ake kira cika. Wadda ake rabawa guda ɗaya ya rage, ita ce mara. Ku gwada da tsakuwa. Shida cika ce, uku da uku. Bakwai mara ce, uku da uku da saura ɗaya.

Don a gane wannan ba sai an yi dogon lissafi ba. Alƙalamin ƙarshe kaɗai za a duba. In ya kasance 0, 2, 4, 6 ko 8, lambar cika ce. In 1, 3, 5, 7 ko 9 ne, mara ce. Me ya sa? Domin goma tana rabuwa biyu, ɗari ma haka, dubu ma haka. Duk ɗakunan hagu ba su da matsala. Ɗakin ƙarshe ne kawai zai iya kawo saura.

Lambarmu ta ƙare da 9. Ashe mara ce. In an raba ta biyu, kowane ɓangare 133.624, saura ɗaya. Tun da ta ƙi biyu, ta ƙi huɗu da shida da takwas da goma ke nan, don dukansu ƴaƴan biyu ne. Kun ga da kallo ɗaya mun amsa tambaya biyar.

Tambaya ta biyu: tana rabuwa biyar?

Nan ma alƙalamin ƙarshe ne alƙali. In lamba ta ƙare da 0 ko 5, tana rabuwa biyar. In da 0 ta ƙare, tana rabuwa goma. Manomin da ya ɗaure dami 130 ya san zakkarsa dami 13 ce, ɗaya cikin goma. Sifirin ƙarshe kawai ya cire.

Wannan tambaya ta shafi aljihunmu kullum. A baki da dala muke ciniki. A takarda kuwa da tamma ake rubutawa, wato faran na sefa. Dala ɗaya tamma biyar ce. Jikka ɗaya tamma 1.000 ce, wato dala ɗari biyu. Shi ya sa kuɗin da aka rubuta wa 500 muke ce masa dala ɗari.

Ga dabara mai sauƙi ta mai da tamma dala. Ninka lambar sau biyu, ka cire sifirin ƙarshe. Misali 750. Sau biyu 1.500 ne. Cire sifiri, saura 150. Dala ɗari da hamsin ke nan.

Ga dabara ta biyu. A doguwar lamba ta kuɗi, abin da ke gidan dubu shi ne jikkuna. A ce lambarmu kuɗi ce. Gidan hagu ya ba mu jikka 267. Gidan dama, 249, ya ba mu dala 49 da saura tamma huɗu. Saura ya fito ne don lambar ba ta ƙare da 0 ko 5 ba. Ashe ta ƙi biyar ita ma.

Tambaya ta uku: uku da tara fa?

A nan alƙalamin ƙarshe ba ya isa. Sai a tara alƙaluman duka. Mu tara tare: 2 da 6 takwas, da 7 goma sha biyar, da 2 goma sha bakwai, da 4 ashirin da ɗaya, da 9 talatin. Mun sami 30.

Ga ƙa'idar. In abin da aka tara yana rabuwa uku, babbar lambar ma tana rabuwa uku. In yana rabuwa tara, ita ma tana rabuwa tara. Talatin tana rabuwa uku, goma-goma. Saboda haka 267.249 tana rabuwa uku, kowane kashi 89.083. Amma talatin ba ta rabuwa tara, saura uku take bari. To, babbar lambar ma saura uku za ta bari.

Wannan ba tsafi ba ne, ga dalilinsa. Ɗauki goro goma ka raba wa mutum uku. Kowa uku, saura ɗaya. Ɗauki ɗari. Kowa 33, saura ɗaya. Dubu ma kowa 333, saura ɗaya. Ke nan kowane tsibi, na goma ne ko na ɗari ko na dubu, guda ɗaya yake bari. Tsibi biyu su bar biyu, tsibi bakwai su bar bakwai. In ka tara alƙaluma, waɗannan ragowar ne kake tarawa. In ragowar ta rabu, komai ya rabu.

Saura bakwai. Ita ba ta da gajeriyar hanya mai sauƙi, sai a yi rabawa sosai. An yi, kowane kashi 38.178, saura uku. To, daga biyu har zuwa goma, uku kaɗai lambarmu ta yarda da ita.

Lambobi gagara-rabo

Yanzu mu dubi kashin nan da muka samu, 89.083. Shi kuma me zai raba shi?

Akwai wasu lambobi masu taurin kai. Babu abin da ke raba su daidai sai ɗaya, sai kuma su da kansu. Bari mu kira su gagara-rabo. Ga na farkonsu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29. Ɗauki tsakuwa 13 ka yi ƙoƙarin jera su layi-layi daidai. Ko yaya ka yi, sai wani layi ya gaza. Amma 12 tana jeruwa layi biyu, ko uku, ko huɗu, ko shida. Biyu ce kaɗai cika a cikin gagara-rabo, sauran duka mara ne.

Kowace lamba da ta wuce ɗaya, ko dai gagara-rabo ce, ko kuwa da gagara-rabo aka gina ta. Su ne tubalan lissafi. 12 ita ce 2 sau 2 sau 3. 30 ita ce 2 sau 3 sau 5.

Don a gwada 89.083, sai a bi gagara-rabo ɗaya bayan ɗaya, daga 2 har zuwa 293. Guda 62 ne. Ba sai an wuce nan ba, domin 299 sau 299 ya riga ya zarce lambar. In da tana da mai raba ta babba, da lalle an gamu da abokinsa ƙarami tun a baya. An gwada duka 62, kowanne ya bar saura. Ashe 89.083 gagara-rabo ce.

Ga asirin lambarmu ya fito. Da tubali biyu aka gina ta: 3 sau 89.083. Duk tsawonta, lambobi huɗu kaɗai ke raba ta: 1, da 3, da 89.083, da ita kanta.

Gagara-rabo ba su da iyaka. Wani masani mai suna Iƙilidis, wanda ya zauna a Iskandariya ta ƙasar Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya kawo hujjar haka. Har yanzu ana farautar manyansu. A watan Oktoba na 2024 an gano wata da kwamfuta, mai alƙaluma 41.024.320. Kuma ba aikin banza ba ne. Da manyan gagara-rabo ake ƙera wasu makullan sirri da ke tsare saƙonnin banki a intanet. Ninka biyu daga cikinsu abu ne mai sauƙi, amma warware su bayan an ninka, aiki ne ja.

Lambar da aka tarar da lambar da aka zaɓa

Mu koma ga buhun wuri. 20.000 ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na lambarmu ba. Amma lambobi talatin ne ke raba ta daidai. Tana rabuwa 2, da 4, da 5, da 8, da 10, da 16, da 20, da 25, har gaba. Tubalanta 2 ne sau biyar, da 5 sau huɗu. Ke nan girman lamba daban, yawan masu raba ta daban.

Lambar ƙidayar jama'a tarar da ita aka yi, yadda ta zo haka aka rubuta. Ma'aunin ciniki kuwa mutane ne ke zaɓa, kuma mai sauƙin rabo suke zaɓa. Dubi dozin, 12. Dubi awa 24 na kwana, da minti 60 na awa. Malaman rabon gado ma da 6 da 12 da 24 suke yawan aiki, don a fitar da rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni ba tare da wahala ba.

Akwai wata lamba da ta fi su ladabi, 2.520. Tana rabuwa da kowace lamba daga ɗaya har goma, kuma babu ƙaramar da ta iya haka. Ga yadda za ku tuna ta: kwana 7 na mako, sau kwana 30 na wata, sau wata 12 na shekara.

Tana yin murabba'i?

Tambaya ta ƙarshe. In aka ninka lamba da kanta, abin da aka samu shi ake kira murabba'i, wato tsawo da faɗi daidai. 3 sau 3 tara. 10 sau 10 ɗari. Eka ta gwamnati, wadda ake kira hekta, mita 100 ce sau mita 100. In manomi ya sa rami ɗaya na hatsi a kowace mita, tsaye da kwance, rami 10.000 zai shuka a hekta guda.

Lambarmu fa? 517 sau 517 ya ba da 267.289. Lambarmu ta gaza da 40. Da mutanen Maraɗi na ƙidayar nan za su yi sahu 517, kowane sahu mutum 517, da sahun ƙarshe ya rasa mutum arba'in. Ta kusa, amma ba murabba'i ba ce.

Irin wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Katsina, inda kakannin sarakunan Maraɗi suka fito, ta yi wani malami, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan tsara lambobi cikin hatimi mai gidaje mara. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Ga mafi ƙanƙantar irin wannan hatimi. Layin sama 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. Ku tara ta kowace fuska, tsaye ko kwance ko a karkace, 15 za ku samu.

Ina amfaninsa gare mu?

A ce manoma tara a fadamar Jiratawa sun haɗa kayan lambunsu sun sayar. An rubuto musu 487.350. Wanda ya karɓo kuɗin ya ce lambar ba ta rabuwa, kowa ya karɓi jikka 54 a wuce wurin. Mai ilimin lissafi ba zai yi faɗa ba. Sai ya tara alƙaluma: 4 da 8 da 7 da 3 da 5 da 0, ashirin da bakwai. 27 tana rabuwa tara. Ashe kuɗin na rabuwa daidai. Rabon kowa 54.150, wato jikka 54 da dala talatin. Da an yi shiru, da jikka ɗaya da dala saba'in sun maƙale a aljihun mutum guda.

Wata rana kuma lissafi zai nuna lalle akwai saura. To, sai a faɗi sauran a gaban kowa, a shawarta abin da za a yi da shi. Ma'aji ya fita daga zargi, zumunci ya ɗore. Haka abin yake ga matan adashi a Tsibiri, da masu rabon buhunan taki, da magada. Hausawa sun ce sabo da maza jari ne. To, sabo da lamba ma jari ne.

Aikin gida

Na ɗaya. Ku rubuta 3.402.094 da 17.138.707. Ku kasa su gida-gida, ku karanta da ƙarfi.

Na biyu. Wace ce cika, wace ce mara? Akwai mai rabuwa uku a cikinsu?

Na uku. An rubuta 36.750 a takarda. Jikka nawa ne da dala nawa? Mutum uku za su iya raba su daidai?

Kada ku dubi amsa sai kun gwada. Ta farko cika ce, ta biyu mara. Alƙaluman ta farko sun tara 22, na ta biyu 34, saboda haka babu mai rabuwa uku. Kuɗin kuwa jikka 36 ne da dala 150. Alƙalumansu sun tara 21, suna rabuwa uku, kowa 12.250.

Wanda ya gane ya koya wa maƙwabcinsa. Wanda bai gane ba ya tambayi malamin ajinsu, tambaya ba ta ɓad da mutum. Duk takardar da ta shigo hannunku cikin makon nan, ku ƙidaya alƙalumanta, ku dubi na ƙarshe, ku tara su duka. Sai mun sake saduwa. Mu kwana lafiya.